Takardar yabo ga gidajen abinci masu tura ma'aikata horon tsafta: inda muka kwana

Asabar 11 ga Janairu 2025

Yau dai Allah ya yi mun zauna. Mu biyar ne a zauren Baba a Tudun Wada ta Kaduna, ni da Baba da wata nas ƴar unguwarmu sai samari biyu da suka ce su za su riƙe rubutu da zirga-zirga. Na ce zan riƙa rubuta abin da ake ciki duk sanda na samu sarari, kar a yi wata shida a fara musun wa ya ce me.

Abin da muke so bai da tsawo, duk gidan abincin da ya yarda ya saki ma'aikatansa suka zo aka koya musu yadda ake kare abinci daga cuta, mu ba shi takardar yabo ya manna a bango kwastoma ya gani. Ni girkin biki nake yi shekara da shekaru, abin da ya tunzura ni kuma ɗan ƙanwata ne, bara ya ci shinkafa da salak a waje ya yi kwana huɗu a gadon asibiti ana sa mai ruwa, yaro ɗan shekara huɗu, wallahi har yau in na tuna yadda idonsa ya faɗa sai gabana ya faɗi.

Baba tsohon duba-gari ne, ya haura shekara 30 yana aikin kafin ya yi ritaya. Ya ce min ƴata, ni tara na sani da kulle shago, mai tuwo in ta hango kakina sai ta tura bokitin wanke-wanke ƙarƙashin benci, ina juya baya ta jawo abinta, ban taɓa gwada yabo ba, mu gwada mu gani. Nas ɗin ta kawo mana ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015, mutum miliyan 600 ke kwanciya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, a cikinsu 125,000 yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Da ta faɗi na yaran kowa ya yi shiru.

Asabar 25 ga Janairu

Sati biyu muna yawo a keke. Kasuwar Barci, Bakin Dogo, tashar Kawo, muka leƙa Rigasa, muka tsallaka Kakuri. Wuri 31 muka shiga, 14 suka ce to. Kafin nan sai da muka je sashen lafiya na ƙaramar hukuma muka sanar, Baba ya ce ba a fara irin wannan a bayan idonsu, kuma mun faɗa musu a fili takardarmu ba lasisi ba ce, ba ta maye gurbin komai nasu.

Tambaya ɗaya ce ko'ina, nawa za a biya, sabon haraji ne? Sai ka rantse ka maimaita cewa kyauta ne. Wata Hajiya mai tuwo da miyar kuka a kusa da tasha ta kalle ni sama da ƙasa ta ce ƙanwata, shekara 22 ina tuƙi a nan ba wanda ya taɓa mutuwa a bencina. Na ce Hajiya gaskiya ne, amma wanda ya ci ya kwana yana zaga bayi ai ba ya dawowa ya faɗa miki, kemis zai je a ce masa taifot da maleriya, direba ma kafin cikin ya murɗa ya kai Zariya ko Kano. Ta yi ɗan jim ta ce a rubuta sunanta. Ita ce ta 14.

Asabar 8 ga Fabrairu

Ajin farko, a wata makarantar Islamiyya da suka ara mana ɗaki bayan la'asar. Mutum 16 suka zo kuma 12 a ciki masu gidajen ne da kansu, sun ci ado sun zo, yaran an bar su a shago. Raina bai so ba. Hajiya ko Madam tana zaune ne a kan kuɗi, wadda hannunta ke cikin abinci ita ce yarinyar da ke yanka kabeji, da wadda ke wanke kwano, da yaron da ke ɗebo ruwa ya kuma kai tekawe, su muke nema. Amma Baba ya ce a bar su, in uwar ɗaki ba ta gani da idonta ba gobe yarinya ta ce a canza ruwan wanke-wanke sai a ce ta fiye iyayi.

Mun bi mabuɗai biyar ɗin nan na Hukumar Lafiya ta Duniya, tsafta, raba ɗanye da dafaffe, dafawa ta nuna sosai, ajiyewa a zafi ko sanyin da ya dace, sai ruwa mai kyau da kayan girki masu kyau. A baki kowa ya ce ai mun sani. Sai Baba ya sa aka kawo roba ɗaya ta ruwa irin wadda ake ajiye wa kwastomomi, ya shafa wa mutum shida man gyaɗa da garin gawayi a hannu ya ce su wanke bi da bi. Kafin a zo kan na huɗu ruwan ya koma baƙi, na shida da ya ɗago hannu ya fi yadda ya sa shi datti. Ya ce to wannan gawayi ne kuna gani, na bayan gida ba a ganinsa. Daga nan aka gwada bokiti mai famfo da sabulu, a cuɗa har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce kamar daƙiƙa 20. Wata Madam daga Kakuri tun a wurin ta kira yaronta a waya ta ce gobe ya sayo bokitin.

Mun roƙe su sati mai zuwa su turo yaran, ko rabi-rabi ne.

Asabar 22 ga Fabrairu

An yi aji biyu da ma'aikata, 37 muka rubuta, yawancinsu ƴan mata, wasu ba su wuce 16 ba. Da yawa ba sa karatun boko don haka mun ajiye takardun da muka buga, komai da hannu ake nunawa.

Maganar ɗumame ita ta fi ɗaukar lokaci kuma ita ta fi taɓa ni don sana'ata ce. Kowa ya tashi da sanin cewa in ka ɗumama abinci ya yi zafi to shikenan. A shinkafa ba haka ba ne, akwai ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus, irinta ba ya mutuwa a tafasa, in shinkafa ta huce ta zauna awanni sai ta farfaɗo ta zuba guba, gubar kuma wuta ba ta kashe ta, ka soya ka turara tana nan. Na zo da ma'aunin zafin girki na, muka tsoma a kular shinkafar da aka zuba tun ƙarfe goma na safe, ya nuna 41. Ƙa'ida abinci mai zafi ya zauna sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da 5, tsakanin nan ne ƙwayoyin ke hayayyafa, dafaffen abinci kar ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai, nama da kaza kuma cikinsu ya kai 70. Wata ta ce Anti to mu da NEPA ke ɗauke wuta tun safe firij ya zama kabad fa? Gaskiyarta. Abin da muka iya ce musu a rage yawan dahuwa, a dafa sau biyu maimakon tukunya guda tun asuba, miya ta zauna kan garwashi, salak kuma a yanka kaɗan-kaɗan kar a zuba mayonis sai za a miƙa. Gawayi zai ƙaru, na sani, ban ɓoye musu ba.

Sai nas ta ba su labarin wata kuku a Amurka, Mary Mallon, da aka gano a 1907 tana ɗauke da ƙwayar taifot ita lafiyarta ƙalau amma gidan da ta yi girki sai mutane su kwanta. Ta ce shi ya sa ake gwajin masu abinci, kuma mai gudawa ko amai kar ta taɓa abinci sai ta yi kwana biyu da warkewa. Nan wata yarinya daga baya, siririya, ita ke wanke-wanke a wurin Hajiyar tasha, ta ɗaga hannu a hankali ta ce Anti in na ce ina gudawa ranar ba kuɗi, in na yi kwana uku a sa wata. Ɗakin ya yi tsit don duk sun san haka ne. Ba mu da amsa a lokacin. Na dawo gida abin na ta cina, mun koya wa yarinya abin da ba ta da ikon aikatawa.

Asabar 15 ga Maris

Azumi, an dakatar da aji, rabin shagunan ma sai yamma suke buɗewa. Mun ɗan zaga wurin masu kayan buɗa-baki, abin da na lura shi ne ƙanƙarar da ake fasawa a zuba cikin zoɓo da kunun aya, ba wanda ke tambayar da wane ruwa aka yi ta, a kan buhu a ƙasa ake fasa ta. Za mu sa shi a darasi. Baba kuma ya ce a ƙara maganar ɓera a sito tunda lokacin zazzaɓin Lassa ne, garin tuwo da shinkafa a mazubi mai murfi.

Asabar 12 ga Afrilu

Yau har an ɗan ɗaga murya kan me za a rubuta a takardar. Ɗaya daga samarin ya nuna mana a waya yadda ake yi a Ingila, sitika a ƙofa mai maki daga 0 zuwa 5, a birnin New York kuma tun 2010 harafi suke mannawa, A ko B ko C. Shi so yake mu yi taurari. Baba ya ce sam, waɗancan hukuma ce ke dubawa da doka a bayanta, mu su wa da za mu ce wannan tauraro biyu waccan biyar, gobe a ce mun kashe wa mutum kasuwa. Ni ma bayan Baba na bi amma dalilina daban, ba na son mu rubuta abincin nan lafiyayye ne, ba ma kwana a kicin ɗin kowa, ranar da wani ya ci ya kwanta takardarmu ce ta yi ƙarya. Abin da muka gani da ido shi za mu rubuta, ma'aikatan wannan gida sun halarci horon kare lafiyar abinci, da kwanan wata, da Hausa da Turanci.

Sharuɗɗan da muka tsaya a kai, cikin kowane ma'aikata huɗu uku sun gama horon, akwai bokiti mai famfo da sabulu na ma'aikata daban da na kwastoma, wuƙa da katakon yankan ɗanyen nama daban da na ganye, kuma mai gida ya yarda mu faɗo ba sanarwa. Na matsa aka ƙara na biyar saboda yarinyar nan, mai gida ya yi alkawari a gaban ma'aikatansa cewa wadda ta faɗi tana gudawa ba za a kore ta ba kuma za a ba ta ko rabin kuɗin ranar. Nas ta ce wannan zai kore mana mutane. Wataƙila. Na ce in babu shi sauran duk ado ne.

Asabar 3 ga Mayu

Mun gama zagayen ba-zata kuma na dawo jikina a sanyaye. Ba datti ne ya dame ni ba, gaskiya wurare da yawa sun gyara, Madam ta Kakuri har fenti ta sa a ƙotar wuƙaƙe, ja na nama kore na ganye, wani mai shayi a Kawo ya daina goge kofi da tsumman da yake goge tebur. Abin da ya dame ni fuskokin da na tarar. Wani gida mun horar da shida, biyu na samu, sauran sun tafi gida Sallah ba su dawo ba, ɗaya an yi mata aure, ɗaya ta koma wani shago don an ƙara mata ɗari biyu. Cikin 37 ɗinmu 21 kawai ke inda muka bar su. Sababbin da aka ɗauka ba su san komai ba, na tarar da wata tana yanka latas a katakon da jinin kaza bai bushe ba, ba laifinta ba ne, ranar Litinin ta fara aiki.

Ashe takardar a bangon shago za ta zauna amma abin da aka koya yana hannun yarinya, in ta tafi ta tafi da shi. Da mun raba takardun nan tun Maris da yanzu rabinsu suna shaidar mutanen da ba sa wurin.

Asabar 17 ga Mayu

Mun sake tsari. Takardar shago wata shida za ta yi ta mutu, kwanan mutuwarta da manyan baƙi a ƙasa. Kowane ma'aikaci kuma zai samu katinsa na kansa da hotonsa, nasa ne ba na uwar ɗaki ba, duk inda ya koma ya tafi da shi. Sannan aji ɗaya duk Asabar ta farkon wata don sababbi. Aikin ya ninku kuma ba mu da ko sisi sai abin da muke haɗawa, amma ban ga wata hanya ba.

Ajin cike gurbi na yau mutum 19. An yi maganar sayayya a kasuwa, waken da aka zuba wa fiya-fiya don kar ya yi ƙwari, ayaba da mangwaron da aka nuna da kabaid, da masu jefa farasitamol a tukunya wai nama ko ganda ta yi saurin laushi, duk NAFDAC ta sha gargaɗi a kansu. Da aka zo kan farasitamol wasu suka sunkuyar da kai, ban tambayi kowa ba, nas dai ta yi bayanin abin da yake yi wa hanta da ƙoda. Damina ta kawo kai kuma Baba ya tuna musu kwalarar 2021 da aka samu mutum sama da dubu 100 da ake zargin sun kamu a faɗin ƙasar nan, sama da 3,000 suka rasu, ya ce ruwan ƴan ga-ruwa a tambayi inda aka ɗebo, na sha da na wanke ganye a tafasa ko a sa sinadarin kulorin.

Gida biyu sun janye saboda sharaɗi na biyar. Hajiyar tasha ta ce sai ta yi tunani.

Asabar 7 ga Yuni

Yau ce ranar kare lafiyar abinci ta duniya, tun 2019 ake yinta duk 7 ga Yuni, da ita muka so mu haɗa taron amma jiya aka yi Babbar Sallah kowa na kan suyar nama. An ɗaga zuwa sati mai zuwa. Na tura saƙon murya a gurup kan kar a bar kayan ciki a roba har yamma. Da daddare Hajiya ta kira ni, ta ce ƙanwata na yarda da rabin kuɗin, amma in yarinya ta yi min ƙaryar ciwo ke zan kira. Na ce na ji na ɗauka.

Asabar 14 ga Yuni

An yi, alhamdulillahi. Gida 9 suka karɓi takarda, ma'aikata 33 suka karɓi kati. A filin makarantar aka yi, rumfa ɗaya da kujerun haya, mai unguwa ya zo, jami'in lafiya na ƙaramar hukuma ma ya zo ya yi magana gajeriya. Mun juya tsarin da aka saba, ma'aikata aka fara kira ɗaya bayan ɗaya da cikakken suna, sai a ƙarshe mai gida ya fito ya tsaya a tsakiyarsu a miƙa masa ta bango. Da aka kira yarinyar wanke-wanken nan ta tsaya tana waige-waige ko wata ake nufi, sai da Hajiya ta ce ke ce mana, tashi. Ta karɓa da hannu biyu ta durƙusa wa Baba, ta koma ta zauna tana ta juya katin. Daga baya ta ce min Anti ban taɓa samun takarda da sunana ba. Na kasa ce mata komai, na riƙe hannunta kawai.

Gida uku da ba su cika sharaɗi ba mun je mun same su tun jiya a keɓe, ba a ambaci sunansu a taro ba, ƙofa a buɗe take in sun gyara.

Asabar 5 ga Yuli

Sati uku da taro. Ajin sababbi na yau mutum 11, huɗu daga gidajen da ba ma cikin lis ɗinmu, sun ga takarda a bangon maƙwabta sun zo tambaya. Madam ta ce wasu ma'aikatan ofis da ke saye a wurinta sun tsaya sun karanta har sun ɗauki hoto, ko ciniki ya ƙaru ban sani ba tukunna kuma ba zan yi wa kowa alkawarin haka ba. Ɗaya daga ƴan matanmu ta koma wani gidan abinci a Unguwar Rimi, ta nuna katinta aka ɗauke ta a ranar, yanzu ita ke ce musu a raba wuƙa.

Matsala sabuwa, samarin sun ga fotokwafin takardarmu a wani shago da bai taɓa turo kowa ba, an goge suna an rubuta nasu. Baba zai je da kansa ranar Litinin, ya ce ba faɗa zai yi ba, gayyatarsu aji zai yi. Zagaye na gaba za mu sa lamba da hatimi a kowace takarda. Hajiya ta kira sau ɗaya, yarinya ta yi kwana biyu a gida an ba ta rabin kuɗinta ta dawo, ba a yi rigima ba.

Abin da ya rage, gwajin asibiti na ma'aikata har yanzu ba mu san wa zai biya ba, masu gida sun ce yaran su biya, yaran ba su da shi, nas za ta tambaya ko za a yi mana ragi in an je a ƙungiyance. Ma'aunin zafi ɗaya ne da mu kuma nawa ne na aiki, muna buƙatar ko biyu. Takardun farko za su mutu 14 ga Disamba, kenan zagayen ba-zata ya fara tun Nuwamba. Aji na gaba 2 ga Agusta bayan la'asar, masu shayi da masu suya na Rigasa sun ce a sa da su, sai mun nemi ɗaki mafi girma.